Abin da Mai Faci Ya Cire Daga Kwanon 'Yarsa

Ku matso kusa, ku gyara zama, wanda ke tsaye ya nemi gefen benci ya raɓa. Mutumin da zan ba ku labarinsa bai iya zama ba, kuma ba na son ku kwaikwaye shi tun ban fara ba.

Mai Faci ake ce masa. Tela ne, amma ba irin mai yanka sabon yadi ba. Shi nasa gyara ne: wando ya yi yawa a ƙugu, zip ya ƙi hawa, aljihu ya huje, hannun riga ya zarce yatsu. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, in ya miƙe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Keken ɗinki ɗaya, kujera ɗaya, kayan mutane rataye a ƙusoshi, sai wani gwangwani cike da maɓallai marasa 'yan'uwa. A bayan labule akwai ɗan ɗaki marar taga inda yake tara buhunan ƙyallaye.

Sana'ar zama ce, amma Allah ya haɗa ta da mutumin da ƙafarsa ba ta san hutu ba. In keke na tafiya, to, ƙafa ta samu abin yi. In keke ya tsaya, sai ka ga gwiwa na rawa ita kaɗai. Zai tashi ya leƙa titi, ya dawo, ya ɗauki almakashi, ya ajiye, ya sake leƙawa kamar an ce masa wani na tafe. Mai aski yakan ce da za a jona waya a ƙafar nan, da duk layin sun huta da sayen man janareto.

Wajen mahaifinsa ya koyi aikin. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, abu ɗaya ya dasa masa a kai: in riga ta ƙi zama a jikin mai ita, nemo inda ya yi yawa ka rage. Mai Faci ya ɗauki wannan ya fita da shi daga shago. Abokin da ya cika surutu, ya rage shi. Hanyar da ta cika cunkoso, ya rage ta. Har shayi ya taɓa hana shi barci sau ɗaya, ya yi shekara bai kalli kofi ba.

Matarsa tana aiki a masana'antar sabulu, wajen nannaɗe kaya. Da sassafe motar ma'aikata ke ɗaukarta, sai rana ta yi sanyi ta dawo tana ƙamshin lemun tsami, ƙafafu a kumbure. Saboda haka abincin rana da ɗaukowa daga makaranta da duk hidimar 'yarsu ta yini, a wuyansa suke. Yarinyar ita kaɗai ce gare su. Ran da aka miƙo masa ita a tsumma, ya ga 'yar ƙarama ce kuma kewayayya, ya ce wannan ai maɓalli ce. Sunan ya bi ta har makaranta.

Ba ta daɗe da shiga makarantar ba ciwon ya fara. Murɗar ciki, gudawa, wani lokaci har da jini. A sha magani ya lafa, a yi mako biyu ya dawo. Suka yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, har aka tura su babba, inda aka zura wata na'ura aka leƙa cikin. Aka ce hanjinta ne ke kumbura daga ciki, kuma irin ciwon nan ne da ke kwanciya ya tashi, ba a korarsa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Aka rubuta magani, aka ce su riƙa dawowa lokaci-lokaci ana duba ta. Suna miƙewa likita ya ƙara da cewa su ɗan riƙa lura da abin da ke tayar mata da ciki. To, wannan ta ƙarshen ita Mai Faci ya ƙulle a haɓar riga, sauran ya baro su a ƙofar asibiti.

Madara ce ta fara tafiya. Ta sha da safe, da rana ciki ya murɗa, shi ke nan, an sallami madara. Bayan kwana kaɗan ƙwai ya bi ta. Kifi ya bi ƙwai. Wata rana ta ci wake, wata rana ganye, wata rana lemu, kowanne ya yi rashin sa'ar zama abin da ta ci na ƙarshe kafin ta ruga banɗaki, kowanne kuma aka yanke masa hukunci ba ɗaukaka ƙara. Man girki ma ya ce shi ne uban gayya, ya hana ɗigo ɗaya ya shiga tukunyarta. Abin da ya rage mata farar shinkafa, dafaffen dankali, da busasshen burodi. Har rana ba ta tsira ba: ta taɓa dawowa daga wasa a fili ciki ya ɗaure, sai ya mayar da ita ɗakin bayan labule. Nan take yini in an tashi makaranta, zaune a kan buhu, tana ware masa maɓallai launi-launi.

Abin mamaki, cikin ya yi shiru. Kullum in ya ɗauko ta zai tambaya, ciki fa? Ta ce lafiya lau, Baba. Ya sake tambaya da yamma, ta sake cewa lafiya lau. Mai Faci ya riƙa tafiya yana jin kansa. Komawa asibiti ma ya ga ɓata yini ne, layin nan da ke cinye safiya ɗungum, mutum ya dawo ya tarar masu kaya sun yi cirko-cirko. Sai ya riƙa kai tsohon kwalin maganin zuwa kemis ana ba shi irinsa.

Matar ba ta yi shiru ba. Ta sha ce masa, Baban Maɓalli, yarinya ce ko kaza, kullum tsabar shinkafa? Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: yaushe rabon da ki wanke zanen gado da tsakar rana? Ita ma ba ta manta lokacin da suke kwana zaune da bokiti ba, kuma tsoron komawa can ya fi ƙarfin bakinta.

Sai wasu ƙananan abubuwa suka fara ɓullowa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da fuskar da ba ta kama da ciwon ciki. Gefen bakin yarinyar ya tsage, ya ce sanyi ne, ya shafa mata man leɓe. Dasashinta ya riƙa jini in tana goge baki, ya ce buroshin ne ya yi tauri, ya sayo mai laushi. Jini ya riƙa kwanciya a ƙwaurinta ba ta faɗi ba, ya je har makaranta ya yi wa malamarsu kashedi a kan yara masu ture-ture. Ta ce ƙafafunta na ciwo in tana hawa bene, ya ce jakar ce ta yi nauyi, ya zazzage ta ya rage littattafai. A ɗakin bayan labule kuma ta fara tuntuɓe da buhunan da ta san wurinsu tun tana rarrafe, tana miƙo masa baƙin maɓalli a matsayin shuɗi, tana cewa a kunna fitila alhali shi yana ganin komai. Wannan kam ya rasa abin da zai rage, sai ya canza ƙwan lantarki.

Kada ku ɗauka hankalinsa a kwance yake. Mutumin da ya yarda da kansa ba ya tashi daga keke sau goma ya ɗaga labule ya ce, kina lafiya? Wani abu na sukarsa, ya rasa ta ina.

Lokacin komawa makaranta shi ne kakarsa. Iyaye mata kan yi masa dafifi da kayan makarantar bara, a sako kalmasa, a buɗe ƙugu, don yara sun yi tsawo a hutu. Duk telan da ya san aikinsa yakan naɗe yadi da yawa a gindin siket ko wando saboda irin wannan rana. Wannan shekarar ma haka ya yini yana farke kalmasa yana gogewa, har wata mata ta shigo da 'yarta, 'yar ajin su Maɓalli. Ya san yarinyar sarai, ran da aka kai su makaranta tare Maɓalli ta ɗan fi ta tsawo. Ya durƙusa da tef zai auna, ya ga sai da ya ɗaga kai kafin ya kalli fuskarta. Babu sauran yadin da za a sako a siket ɗin, an cinye tun bara. Uwar tana dariya ta ce ai sai sabo, wannan kamar ana jan ta da dare. Sannan ta ce, taku fa, kun sako nata ko mai gyara ya manta da na gida?

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Suna fita ya janyo siket ɗin Maɓalli daga ƙusa ya juya cikinsa waje. Kalmasar tana nan yadda ya naɗe ta da hannunsa tun ranar farko, mai faɗi, zarenta ko motsi bai yi ba. A ƙugu kuwa ga layin ɗinki, ga wani a cikinsa, ga wani a cikin wancan. Duk lokacin da siket ya fara zamewa, yakan ɗauka da yamma ya ɗan matse, aikin da bai kai a tuna da shi ba. Kuma da yake hannunsa na da kyau, kayan kullum cif suke a jikinta, ba wanda ya taɓa ganin ta cikin tufa mai lilo balle ya ce yarinyar nan ta rame.

Ya fita da siket ɗin a hannu, ya kai bakin titi, ya dawo, ya shiga shagon mai aski ba tare da ya san abin da ya kai shi ba. Mai aski na tsakiyar gyaran fuska, ya kalli siket, ya kalli mai shi. Bai yi zolayar da ya saba ba. Ya ce shi dai ya daɗe yana ganin gashin yarinyar na kakkaryewa yana ja-ja, amma wa ya isa ya gaya wa babban likitan layi?

Washegari matar ta nemi izini a wajen aiki, suka tafi su uku. Kun san barandar asibiti: kujerun roba a jere an ɗaure su da ƙarfe, fanka na juyi ba iska, kowa riƙe da kati yana kallon ƙofa ɗaya. Mai Faci ya auna barandar nan da ƙafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan har wata tsohuwa ta ce, ɗan nan, ko dai kai ne mara lafiyar? Aka ɗora Maɓalli a sikeli, aka jingina ta da bango aka auna tsawo, nas ta duba tsohon awo ta sake dubawa. Aka ɗebi jini, aka ce su dawo.

Da suka dawo, wata likita ce dattijiya, gilashinta rataye da igiya a wuya. Ta tambayi abin da yarinyar ke ci. Mai Faci ya jero mata, ya kuma jero abin da ya cire da laifin kowanne, yana yi muryarsa na raguwa. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta yi musu bayani a hankali, da kalmomin da za su gane. Ta ce hanjin da ke kumbura dama ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, ko da yaro na cin komai, shi ya sa ake son a riƙa kawo irin yaran nan ana duba jininsu. Akwai bitamin da ido ke bukata don gani a wuri mai duhu, akwai na ƙashi wanda rana ma ke taimakawa a samu, akwai mai sa jini ya tsaya in an ji rauni, kuma waɗannan sai da ɗan maiƙo jiki ke iya ɗaukarsu. Na Maɓalli duk sun yi ƙasa, jininta ma ya yi ƙaranci. Ciwon ya ci rabonsa, ɗan abin da zai shiga kuma an tare shi tun daga kwano.

Mai Faci ya ce, amma ranki ya daɗe, cikin ya kwanta. Ya ce ya fi shekara ba ta yi gudawa ba, a tambaye ta.

Likitar ta ce gwajin bai nuna ciki kwantacce ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci yarinyar, ta tambaye ta ko gaskiya ne ba ta yi. Maɓalli ta kalli ubanta, ta kalli takalminta. Uwar ta dafa ta ta ce, faɗi, ba mai yi miki faɗa.

"Ina yi," in ji ta. "A makaranta nake yi. A shago kuma in Baba ya kunna keke sai in zagaya ta baya."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In na faɗa zai cire wani abu." Ta shiga ƙirgawa da yatsu. "Saura shinkafa da dankali da burodi. Ni ina son burodin."

Uwar ta rufe fuska da gefen mayafi. Wato duk shekarar nan da Mai Faci yake tafiya yana jin ya gano abin da ya gagari asibiti, yarinya ce ke gadin burodinta.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba, shi da ya so a yi masa ko zai ji sauƙi. Ta ce irin wannan ciwo yakan tashi don kansa ko da ruwa kaɗai aka sha, ba kullum abin da aka ci na ƙarshe ne mai laifi ba. Ta ce mai yiwuwa akwai abin da ke damun cikin da gaske, za a gano shi tare, a hankali. Aka canza maganin hanjin, aka yi mata allurai, aka ba da na ɗigawa da na haɗiya. Aka ce a dawo da abinci ɗaya-ɗaya, a bar kowanne ya yi kwanaki kafin a kawo na gaba, yarinyar kuma ta riƙa shan hantsi. Aka ba shi lambar wata nas. Sannan likitar ta sa gilashinta ta dube shi ta ce doka ɗaya ce tasa: in ba jini ko zazzaɓi ba, kada ya cire komai sai ya tambaya.

Ƙwai aka fara da shi. Ranar, ya dafa shi har ya kusa zama dutse, ya ɓare, ya miƙa, ya tsaya a kanta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta cinye cikin loma biyu ta lashe yatsu. Ya yini yana kasa kunne, ya ɗinke aljihun wani bawan Allah ta baki, sai da mai wandon ya zo zai sa hannu aka gane. Ba abin da ya faru. Kujerarta ta dawo ƙofar shago inda hantsi ke sauka, mai aski na tsokanarta cewa an saki fursuna, ita kuma tana ce masa Kawu mai aske rabin kai ya tsaya hira.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Madara dai ta ƙi, nas ta ce a ajiye ta tukuna, aka ba ta wani abu a madadinta. Akwai makon da ciwon ya tashi sosai har suka kwana a asibiti. Amma dasashin ya daina jini, bakin ya warke, ta daina lalube a wuri mai duhu, kuma wata rana ta hau benen gidansu ta riga uwarta kaiwa sama, ta tsaya tana haki tana dariya. Ƙashi, in ji likita, ya fi jinkiri, sai an yi haƙuri.

Abin da bai dawo da wuri ba shi ne bakinta. In ya ce ciki fa, sai ta kalli uwarta kafin ta amsa. In uwar ba ta nan, ta ce lafiya lau da tsohuwar muryar nan, shi kuma ya rasa ko ya yarda. Wannan ya fi komai hana shi sukuni. Ya gwada daina tambaya, ya kasa. Ya gwada tambaya cikin wasa, ta gane.

Sai aka zo kan kifi. Ta ci jiya da rana, ta ci da marmari har tana tsotsar ƙaya. Yau Asabar, uwar na wajen aiki, su biyu ne a shago, sauran kifin yana cikin kula a ƙarƙashin tebur. Yana cikin sa zip a wata jaka ya ji ta tsaya a gefen keke. Ta jira ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Baba, cikina ya yi. Ɗazu, da kuma yanzu."

Ba wanda ya tambaye ta. Ita ta zo da ƙafarta, kuma idonta na kan fuskarsa, ba ya ko ƙiftawa.

Maganar ta riga ta hau harshensa, tsohuwar maganar nan da ya saba. Ya haɗiye ta. Ya tambaya ko da jini, ta girgiza kai. Ya taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Ya ɗauko waya ya kira nas, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ya sake kira, haka. Ya tashi ya leƙa titi, ya dawo. Zuciyarsa na ce masa kifin ne, wallahi kifin ne, wa ya sani ko irin na madara ne, in ka ba ta yanzu a banɗaki za ta yini. Ga shi kuma lokacin cin abinci ya yi, ta ɗauko kwanonta da kanta ta riƙe a ƙirji.

Ya janyo kular ya buɗe. Ya zuba shinkafa. Cokalin ya tsaya a kan kifin, ya ɗan karkata zai raba shi biyu, sai ya ga tana kallon cokalin. Ya ɗauke shi ɗungum ya ɗora mata.

"In ya sake yi, ki faɗa mini," ya ce.

"Ba za ka cire ba?"

"Sai mun tambaya."

Ta zauna a ƙofa ta fara ci. Shi kuwa bai iya kallo ba. Ya wuce shagon mai aski, ya wuce na mai waya, ya kai kwanar layi, ya tsaya yana sake danna lambar nas, yana waiwayowa. Daga can yana hango ta, kai sunkuye a kwano, tana zare ƙaya tana ajiyewa a gefe.

Ban sani ba ko kifin ne ko ba shi ba ne, shi ma a lokacin bai sani ba. To ku da kuke zaune, in ku ne riƙe da cokalin nan, waya na ƙara ba a ɗauka, yarinya na kallon hannunku, me za ku zuba mata?